Nana Asma'u 'Yar Shehu: Marainiyar Da Ta Tashi A Hannun Kishiyoyin Uwarta

Yau za mu ajiye zancen girki da ɗinki tukuna, domin tarihin wata baiwar Allah na kawo muku, wadda babu wanda bai san sunanta ba a ƙasar Sakkwato, watau Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kun sha ganin sunanta a ƙofar makarantun 'yan mata, kun kuma sha jin cewa malama ce mai waƙoƙi. Amma akwai wani gefe na rayuwarta wanda ba a cika faɗa ba, shi ne irin gidan da ta tashi a cikinsa da matan da suka riƙe ta.

Bari in fara gaya muku dalilin da ya sa na ɗauko wannan zance. Akwai wata yarinya a ajina nan wajenmu Taloka, mai ƙwazo ƙwarai, musamman a lissafi. Kwatsam sai ta daina zuwa. Da na ga an yi mako biyu sai na sa mayafina na tafi gidansu. Ashe an saki uwarta ta koma garinsu, yarinya ta faɗa hannun matar uba, ita kuwa ta aza mata faranti ta ce talla ta fi boko. Na nemi ganin maigidan, ya aiko mini cewa wannan sha'anin mata ne, ba ruwansa. Ina tafe ina juya abin a zuciyata, sai Nana Asma'u ta faɗo mini a rai, domin ita ma a hannun matan uba ta girma.

An haifi Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793. Ɗagel a wancan zamani ƙaramin ƙauye ne na malamai a cikin ƙasar Gobir, yau kuwa yana cikin yankin Gwadabawa. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ita ce matar Shehu ta fari, watau uwargida. Allah bai ba ta tsawon rai ba, ta rasu tun tagwayen nan suna ƙanana ƙwarai.

To, ke da kike karanta wannan, kin san abin da ake ji wa yaro tsoro idan uwarsa ta bar gidan da ke da mata da yawa. Mu ne muke cewa kishi kumallon mata. Mu ne kuma muka san yadda kishin da aka yi da uwa yakan koma kan 'ya'yanta bayan ba ta nan, a wajen rabon tuwo, da aiken tsakar rana, da ɗinkin salla. Asma'u ta faɗa hannun kishiyoyin uwarta guda biyu. Ɗaya ita ce A'ishatu, wadda ake yi wa laƙabi da Iya Garka, mace mai ilmi da yawan ibada. Ɗayar kuwa Hauwa'u, Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello da Abubakar Atiku, waɗanda duka biyu suka zama Sarakunan Musulmi daga baya. Waɗannan mata su suka yi mata wanka, suka yi mata kitso, suka zaunar da ita gaban allo tare da 'ya'yan cikinsu.

Ba zan ce muku zukatan matan Shehu duwatsu ne ba. Mata ne kamarmu, ko matan Annabi ma an ruwaito sun yi kishi. Abin tambaya shi ne, me ya hana kishin ya cinye gidan? A ganina amsar tana wurin maigida da kuma abin da ya cika gidan da shi. Gidan Shehu ba gidan dukiya ba ne, har an ce igiya yake tufkawa da hannunsa don neman abin masarufi. Saboda haka babu akwatin zannuwa da za a yi faɗa a kansa. Abin da ke akwai da yawa shi ne karatu, shi kuwa ana raba shi ga kowa, matan aure da 'yan mata, ɗakin wannan da ɗakin waccan. Yayar Asma'u, Hadiza, ta yi zurfi a fiƙihu har ta mayar da littafin Muhtasar na Halilu zuwa Fulatanci. Fatsima 'yar ɗakin Inna Garka ita ma malama ce.

Shehu bai tsaya kan gidansa kaɗai ba. Tun yana yawon wa'azi mata suna zuwa sauraro, har wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki lamirinsa a kan haka, ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. A cikin littafinsa Nurul Albabi kuma Shehu ya yi kakkausan faɗa ga malaman da suke karantar da almajirai a zaure safe da yamma, amma sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin tsarki da salla ba. Ya kwatanta yadda suke riƙon mata da yadda ake riƙon kayan aikin gida, a mora har su lalace sa'an nan a yar. Ya kuma ja kunnen mata kada su yarda da mai ce musu biyayyar miji kaɗai ce hanyar tsira, alhali bai koya musu biyayya ga Allah da Manzonsa ba. Ku lura, mutumin da ya faɗi wannan magana mai mata da yawa ne. Ashe ke nan ya san nauyin da ke kan wanda ya tara mata a gidansa.

Asma'u tana da shekara goma sha ɗaya duniya ta juya musu. Zama ya ƙi daɗi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, sai suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, mata da yara da tsofaffi, littattafai a bayan raƙuma. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'a suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta ƙare, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, an kashe musu mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Ga yunwa, ga zazzaɓi, ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har suka dangana da Gwandu. Yarinyar nan duk da idonta ta ga wannan, shi ya sa da ta girma ta tsara tarihin tafiyar a cikin doguwar waƙar da aka sani da Waƙar Gewaye.

Ki tsaya ki yi tunani a kan wannan adadi na Tsuntsuwa. Kowane namiji da ya faɗi ya bar mata, ya bar 'ya'ya, a cikin daji, babu gona babu rumbu. Al'ummar da ta shiga irin wannan hali, idan mazan da suka rage ba su buɗe gidajensu ga zawarawa da marayu ba, ina za su? A nan ne mutum yake ganin hikimar halatta mace fiye da ɗaya. Ayar da ta halatta har huɗu a farkon Suratun Nisa'i, a cikin zancen marayu ta zo, kuma da sharaɗin adalci, wanda ya ji tsoron ba zai iya ba aka ce ya tsaya ga ɗaya. Ni dai abin da yake ba ni mamaki da mazanmu na yanzu, idan kaka ta yi kyau aka sayar da albasa ko shinkafa, sai ka ji ana raya sunna, amma da wuya ka ga sunnar ta bi ta ƙofar bazawara mai marayu huɗu. Kullum wajen 'yar shekara goma sha biyar take bi. Allah ya kyauta.

A wajen 1807 aka ɗaura wa Asma'u aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin yayanta Bello. Tana da kimanin shekara goma sha huɗu, shi kuwa ya ba talatin baya kaɗan. Ku 'yan makaranta kada wani ya kawo muku wannan ya ce ai ga hujjar cire ku daga aji. Wancan zamanin yaƙi ne, kuma abin da ya kamata a duba shi ne auren bai rufe mata littafi ba. Giɗaɗo malami ne, gidan karatu ta bari ta shiga gidan karatu. Yawancin ilmin da aka san ta da shi a ɗakin aurenta ta ƙaro shi, tana goyo tana bita. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Ba a daɗe ba Hassan abokin tagwaicinta shi ma ya bi shi. Aka naɗa Bello Sarkin Musulmi, shi kuma ya naɗa Giɗaɗo Waziri. Daga nan Asma'u ta zama matar babban gida, gidan da baƙi ba sa yankewa, daga malamai da jakadun sarakuna har Bature Kilafaton wanda ya zo Sakkwato a 1824, Waziri ne ya kula da saukarsa. Ba ita kaɗai ce mace a gidan ba, domin 'ya'yan Giɗaɗo sun fi waɗanda ta haifa yawa nesa ba kusa ba. Ita ma ta san zama da abokan zama, ta san jiran ranar girki. Cikin wannan hidima ce ta rubuta littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Tana da shekara 27 a lokacin. Da na lissafa na ga kusan shekaruna ne yanzu, sai kunya ta kama ni, ni da nake kukan gyaran littattafan yara ya hana ni sakat.

Yanzu ga wani abu da nake so uwayen gida su riƙe. A wurinmu kalmar 'yan'ubanci ta zama sunan gaba. Idan aka ce wane da wane 'yan uba ne, an gama magana, ba a jiran a ga shiri. To, Bello ɗan uban Asma'u ne, ɗan kishiyar uwarta. Amma a duk zuriyar Shehu da wuya a sami biyu da suka shaƙu kamarsu. Yakan rubuta littafi da Larabci, ita kuma ta mayar da shi waƙa da Fulatanci ko Hausa don waɗanda ba su jin Larabci su amfana. Da ya rasu ta yi masa marsiyya mai ratsa zuciya, abin da ta fi yabo a cikinta kuwa halinsa ne, da tausayinsa, da iliminsa. Ba wai gidan bai taɓa ganin saɓani ba, ai an yi shekaru ana 'yar tsama tsakanin Bello da baffansa Abdullahi na Gwandu a kan gadon Shehu kafin su shirya. Amma wannan rigimar sarauta ce ta maza. Ba daga ɗakunan mata aka hura ta ba.

Abin da aka yi mata kuma ta rama wa na bayanta. Shehu yana da ƙwarƙwara mai suna Mariya, wadda ta haifa masa 'ya'ya a ƙarshen rayuwarsa. Cikinsu akwai Maryam, da kuma Isa autan Shehu, wanda aka haifa a wajen shekarar da uban ya rasu, bai san shi ba. A wani gidan da sai a ce 'ya'yan baiwa ne, a tura su gefe. Asma'u ta jawo su jikinta ta karantar da su. Isa ya tashi ya zama malami, aka ba shi riƙon Kware, shi ne ya mayar da waƙoƙinta da yawa daga Fulatanci zuwa Hausa, har da Waƙar Gewaye. Maryam kuwa za ku ji labarinta nan gaba.

Mu nan gabashin Sakkwato muna da rabo na musamman a cikin tarihin nan. Wajen 1830 Bello ya gina Wurno a bakin gulbin Rima don ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, saboda Gobirawa ba su daina kawo hari ta wannan fuska ba. Ya koma can da zama, Waziri da iyalinsa suka bi shi, saboda haka Asma'u ta yi zamanta tsakanin Sakkwato da Wurno. A 1836 aka yi babban yaƙin Gawakuke inda Bello ya karya rundunar Gobirawa da abokansu, ta yi waƙa a kansa. A 1837 Bello ya rasu a Wurno, a can kabarinsa yake har yau. Hanyoyin nan da muke bi zuwa kasuwa tsakanin Goronyo da Wurno da Raba, ƙasar da ta sani ce.

Yaƙe-yaƙen nan sun bar wata matsala wadda maza ba su iya maganinta da takobi ba. An kamo mata da yawa daga ƙasashen da aka ci, aka raba su gidaje, wasu bayi, wasu ƙwaraƙwarai. Gaskiya ɗaya ce, waɗannan mata ba da son ransu suka shigo ba. An raba su da iyayensu da mazajensu, an kawo su cikin gidajen da ba su san kowa ba, ga matan gida suna kallonsu a wulaƙance. Wa zai yi mamaki idan suka riƙe bori, abin da suka gada kuma suke samun sanyi a cikinsa? A Gobir shugabar bori babbar mace ce daga gidan sarauta, ana kiranta Inna, tana da faɗa a ji ƙwarai. Kuma waɗannan matan su ne za su haifi 'ya'yan gidajen, su yi musu tarbiyya. Haka nan matan ƙauye da na rugage suna can babu mai kai musu karatu. Asma'u ta gane cewa idan aka bar ɗaki ɗaya a cikin gida cikin duhu, to gidan duka bai tsira ba.

Dabarar da ta yi ita ce ake kira 'yan taru. Ta san matar aure mai ƙananan yara ba za ta iya barin gida ta yi tafiyar kwana da kwanaki ba. Sai ta nemi dattijan mata masu hankali da amana, waɗanda suka wuce haihuwa, daga garuruwa da ƙauyuka. Kowace ƙungiya tana da shugaba da ake kira jaji. Asma'u da hannunta take naɗa ta, ta aza mata malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malfa kuwa alama ce da aka san Innar Gobir da ita, saboda haka duk macen da ta ga jaji ta san mai girma ce ta zo, sai dai abin da ta ɗauko daban ne. Jaji takan taho da ayarin tsofaffi da 'yan matan da ba su isa aure ba, a ƙasa, har wurin Asma'u. Sukan zo da 'yar sadakarsu, hatsi ko man shanu ko zuma ko zare, ita kuma ta rabar wa mabukata. Su zauna su koyi waƙa har ta zauna musu, a warware musu ma'anarta, su kawo tambayoyin matan garinsu a ba su amsa. Sa'an nan su koma su bi gida gida suna koya wa matan kulle.

Ni da nake koyarwa na san darajar wannan dabara. Waƙa ba ta bukatar fitila, ba ta bukatar takarda, mace tana daka tana yi, tana kaɗi tana yi, kishiyarta tana jin ta ta bayan zana ko ba ta so. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 don a riƙe su a ka. Akwai Tabbat Haƙiƙa, waƙar Shehu ce ta Fulatanci, ita ta mayar da ita Hausa a wajen 1831, tana gargaɗin masu mulki da talakawa a kan zalunci. Akwai Goɗaben Gaskiya. Da ajami aka rubuta su, aka yi ta kwafa da hannu. 'Yan taru kuma ba karatu kaɗai suke yi ba, su ne masu jinyar marasa lafiya, da taimakon mai haihuwa, da wankan gawar mace, da sasanta rigima a cikin gidaje.

Cikin ayyukanta wanda ya fi taɓa ni shi ne Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, wanda ta tsara a wajen 1837 daga wani littafin nasiha da Bello ya rubuta. A ciki ta jero mata salihai tun daga matan Annabi da 'ya'yansa, ta biyo ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har ta iso kan matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani ido da ido. A nan ta ambaci Iya Garka da Inna Garka, ta yabi ibadarsu da kyautarsu da riƙon zumuncinsu. Ku duba fa. Mace ta kai shekara arba'in da 'yan kai, ta zama abin da ta zama, ta ɗauki alƙalami ta sa kishiyoyin uwarta a sahun waliyyai, tana roƙon Allah da albarkarsu. Ke uwargida, ke amarya, 'yar kishiyarki da ke sharar tsakar gidanki yau, idan aka ba ta alƙalami nan da shekara arba'in, me za ta rubuta a kanki?

Ba manya kaɗai ta yi wa waƙa ba. Ta yi marsiyyar A'ishatu matar Bello, aminiyarta ta shekara da shekaru. Ta yi wa Fatsima 'yar ubanta. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, mace ce kamar kowa, ta yabe ta da haƙuri da son yara da gyara zumunci. Ta yi wa Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa, ta yi wa Hauwa'u wadda ta daɗe tana jaji. Idan kika bi abin da take yabo a wurin waɗannan mata za ki ga hali ne da amfanin da suka yi wa jama'a. Wannan shi ne ma'auninta na darajar mace. Mu kuwa yau sai mu auna da yawan 'ya'ya maza, da wadda miji ya fi saya wa atamfa, har mace ta yi ta haihuwa a jere jikinta yana lalacewa don kada kishiya ta fi ta yawan magada.

Kada a ce wannan zancen da ne. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na matan aure suna da abokiyar zama, kuma a nan arewa maso yamma abin ya fi haka. Binciken nan kuma ya nuna cewa a Jihar Sakkwato fiye da mata takwas cikin goma ba su taɓa shiga makarantar boko ba. A jihar Nana Asma'u ke nan. Gidan mata da yawa yana nan tare da mu, yawancinmu a cikinsa aka haife mu, da yawa kuma a cikinsa za mu mutu. Mun riƙe yawan matan irin na gidan Shehu, amma karantarwar da adalcin mun bar su a Ɗagel. Namiji ya tara huɗu a kan abin da ba zai ishi ɗaya ba, kowace ta koma neman abin da za ta ciyar da ɗakinta, sai a aza wa 'ya mace talla, a tura ɗa namiji bara wani gari. In rigima ta yi yawa ya saki ɗaya ya cike gurbinta, 'ya'yanta su zama 'yan kallo a gidan ubansu.

Bayan rasuwar Bello, Asma'u da Giɗaɗo suka duƙufa wajen tattara tarihin Shehu da na Bello tun waɗanda suka gani da ido ba su ƙare ba. Shi ya rubuta Raudul Jinani a kan Shehu, ita kuma tana tsara nata a waƙe. Mata da miji ke nan suna aiki ɗaya bayan shekara talatin da aure. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji ubansa a wazirci a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya zauna a Wurno. Giɗaɗo ya riga ta rasuwa da fiye da shekara goma. Ba ta ajiye alƙalami ba, har ta tsufa tana rubutu, sunanta ya kai har ƙasar Shingiɗi a Muritaniya, inda wani malaminsu ya yi musayar baitoci da ita. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai wajen sittin. Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗaya, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Wa ya ɗauki ragamar 'yan taru bayanta? Maryam, 'yar ƙwarƙwarar nan da ta karantar. Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, bayan rasuwarsa a 1846 ta dawo gida, ta zauna a Wurno, aka san ta da Uwar Daje, sarakuna suna neman shawararta. Bayanta kuma Ta Modi ta ci gaba, har Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ayarin mata bai daina zuwa ba. Takardun Asma'u kuwa zuriyarta ta gidan Waziri ce ta adana su. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya buɗe su ga wata malama Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta yi shekaru da yawa tana koyarwa a Sakkwato. Ita da abokiyar aikinta Beverly Mack ta Amurka suka tara su cikin babban littafi guda a 1997, yanzu ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Na koma gidan su yarinyar nan ranar Alhamis da ta wuce. Wannan karon ban nemi maigida ba, wurin matar uban na zauna, na taya ta tsinar shinkafa. Ashe ita ma tana da nata kukan, bakin yara bakwai ne a kanta, abin da ake ba ta na cefane kuwa ba ya kai la'asar. Na ba ta labarin Iya Garka da Inna Garka kamar yadda na ba ku. Ta yi shiru, can ta ce za ta bar yarinyar ta riƙa zuwa da safe, in an tashi ta ɗauki farantin. Ranar Litinin na gan ta a layi, ba littafi a hannunta, na ba ta ɗaya daga cikin nawa.